Lutfa da Kujerar Bashtola

Lutfunnesa, wadda duk garin nan ke kira Lutfa, ba ta taɓa faɗa wa gidan mutum kwatsam ba. Sai ta aika tun ana gobe. Daga uwarta ta gaji wannan hali. A wani tsibirin yashi aka haife ta, tsakiyar kogin Jamuna, kuma kafin ta cika shekara goma kogin ya cinye musu gida har sau uku. Duk inda suka sake kafa bukka, uwar takan ja mata kunne da magana ɗaya: "In za ki gidan mutane, ki ba su lokaci su kintsa. Ba kowa ne yake son a gan shi yadda ya tashi ba."

Ta yi karatu zuwa aji goma, ta auri Anisur, wani tela mai ƙarancin magana da ke da keken ɗinki ɗaya a bakin kasuwa. Tana da shekara ashirin da shida ta sami aiki da ofishin da ke auna unguwanni. Aikin ba shi da wuyar bayani. Duk bayan shekara huɗu akan yanka garin ƙanana-ƙanana, gida arba'in nan, hamsin can, a ba kowane ma'aikaci rabonsa. Sai ya bi gida-gida da takardar tambayoyi: da me aka yi rufi, akwai makewayi, sau nawa ake cin abinci, an ci kifi ko nama a makon nan, akwai kujera, akwai fanka, ina ake samo ruwa. Kowace amsa da makinta. A haɗa makin unguwa, wadda ta kasa kai layi a shafa mata ja a taswira, wadda ta haye a shafa mata rawaya ko kore. Bayan shekara huɗu a sake komawa, a ga wa ya motsa, wa yake nan inda aka bar shi.

Unguwa goma sha ɗaya ce rabon Lutfa, amma Bashtola ce 'yar lelenta. Gida arba'in da shida ne a bayan tudun da aka tara don tare kogi, duk na kwano da gora, mazan yawancinsu suna Dhaka suna tuƙa keken haya. Zagaye huɗu a jere Bashtola tana hayewa da ƙyar, da maki biyu ko uku, tana samun rawaya. Lutfa takan yi tinƙaho da su a ofis. "Ku je ku ga masu zuciya," takan ce. "Rufinsu na yoyo, amma kowane gida da kujerarsa, kowane murhu da kifi." Mu da muka san ta mun san inda rauninta yake. Lutfa tana son labari mai daɗi, kuma in ta same shi ba ta ɗaga shi ta leƙa ƙarƙashinsa.

A zagaye na biyar abin ya wuce shafa launi a taswira. Hukumar gari ta sanar za ta ja famfo zuwa unguwannin da suka yi zagaye uku a jere cikin ja, wato waɗanda rashi ya zaune musu, ba waɗanda damina ɗaya ta kayar ba. Bashtola ba ta ciki. Lutfa ba ta damu ba, don a takardunta duk gidajen sun ce ruwa yana kusa.

Kamar kullum ta aika tun ana gobe. Washegari ta fara da gidan Khala Jobeda, wato Gwaggo Jobeda, tsohuwar da babu mai ƙetare maganarta a unguwar. Lutfa tana da shekara arba'in da biyu a lokacin, jiki ya yi nauyi, gwiwar hagu ta fara ciwo.

"Lale, lale! Ke Lutfa, wannan jiki fa? Anisur ya bar ɗinki ne ya koma girki?"

"Khala, shinkafa ce ba ta jin magana."

"To zauna, zauna, kada daɓena ya lotsa."

Aka turo mata kujerar katako mai zanen furen bado a majingina. Da can a bakin kujera Lutfa take ɗosanawa, zaman mai kunya, takarda a cinya. Ran nan gwiwa ta hana, ta saki jiki ta jingina. Ta yi tambayoyinta, ta sami amsoshin da ta saba samu: ana ci sau uku, alhamdu lillahi, ga kifi ma a wuta, ruwa kuwa nan kusa ne. Da ta zo tashi sai ta ji kyat a bayanta. Ƙusa ta kama sarinta, shuɗin zanen da ta yafa. Ta zare a hankali, don kada ta ba mai gida kunya.

A gida na huɗu aka sake. Ta ce a ranta, kafintocin garin nan sai addu'a. A gida na tara da ta ji kyat na uku, sai ta juya ta duƙa ta duba da kyau. Furen bado ne, ganye ɗaya a karye. Ga ƙusar, ga kuma zare shuɗi har kashi uku a maƙale da ita.

Ta miƙe. Ta yi sallama, ta fita ta ƙofar gaba kamar mai zuwa gida na goma, sai ta zaga ta lungun baya. Nan ta yi kiciɓis da su. Parul, matar ɗan Khala Jobeda, da kujera a ka. Wata a bayanta ta rungume fankar tebur, waya na jan ƙasa. Ta uku ta riƙo tukunyar kifi da tsumma, tana tafiya a karkace don kada romo ya zube. Duk suka tsaya cak, aka yi tsuru-tsuru.

"Apa," in ji Parul daga ƙarƙashin kujera, wato Yaya da harshensu, "ai ba ta nan ake bi ba."

Lutfa ta dafa bango. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha shida ba ta taɓa ganin fanka tana juyawa a Bashtola ba, kullum yanzun nan aka ɗauke wuta. Kifin kuwa, dokar ofis ta hana ta ci a gidan da take tambaya, kuma sun san haka. Da ta taɓa cewa "to, a zuba mini", da asiri ya tonu tun shekarar farko. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ita ba baƙuwar wannan al'ada ba ce. Sau nawa uwarta ta tura ta maƙwabta aron faranti don baƙo zai zo? Ta sani sarai, so ne ba ta yi ta gani ba. Kunya ta rufe ta.

Ta koma wurin Khala Jobeda, ta same ta tana naɗa ganyen pan na taunawa kamar ba abin da ya faru.

"Khala, kujera nawa ce a Bashtola?"

"Wadda kika zauna a kai ba ta ishe ki ba?"

"Khala."

"Ɗaya ce. Marigayi maigidana ne ya sassaƙa ta da hannunsa. To sai me? Baƙuwa ta taso daga ofis da jaka da biro, mu zaunar da ita a ƙasa? Ta tambaye mu ko mun ci, mu ce a'a, kamar waɗanda ba su san godiyar Allah ba? Ke wa ya rene ki?"

Lutfa ta yi mata bayanin famfon, da maganar zagaye uku cikin ja, da yadda kujera da fanka da kifi suka tura su saman layi. Tsohuwa ta saurara tana tauna, sannan ta tofar.

"Ya wuce mu ɗin. Ba mu roƙi kowa ba. Kogi ya ci gonarmu mun haƙura, sai ke ce za ki zo ki rubuta mu mabarata?"

Parul ta sauke kujerar a bakin ƙofa. Ba ta dubi uwar mijinta ba. "Apa," ta ce, "kullum muna ce miki ruwa yana kusa, kina rubutawa. Gobe da safe ki zo ki ɗauki tulu."

Ta zo kuwa. Famfon tuƙa-tuƙa ne a bayan wajen gasa bulo. Sai an hau tudu, a bi kansa mai tsawo, a gangara, a ƙetare wata kwata a kan gora biyu da aka ɗaure, sannan a shiga layi. Lutfa ta duba agogo da suka tashi, ta sake dubawa da suka dawo: minti hamsin da biyar. Parul ta ce su da suka saba suna yi cikin arba'in, sau huɗu a rana. A hanyar dawowa, daidai gangaren, Parul ta tsaya ta nuna ƙasa da haɓa.

"Nan ne. Daminar bara, santsi ya kwashe ni. Cikina ya zube, watansa shida. Namiji ne."

Ta faɗa ba tare da hawaye ba, ta gyara tulu a ƙugu ta wuce. Lutfa ce ta kasa ɗaga ƙafa, sai da wata mata ta ce mata ta matsa.

Da la'asar ta je shagon Anisur ta zauna a benci ta zayyane masa komai. Ko da ta gyara wannan zagayen, ja ɗaya ne kawai, kuma uku ake nema. Kafin a sami uku sai ta je ta ce da bakinta takardunta na baya ba daidai ba ne, ita da ofis ke sa wa ta koyar da sababbin ma'aikata. In ta yi shiru, babu wanda zai taɓa sani. Anisur ya zare allura daga bakinsa.

"Aikin zai iya tafiya."

"Na sani."

"To, keken nan ya ciyar da mu kafin aikin ya zo." Ya ci gaba da taka keke, can ya sake tsayawa. "Amma da baki kawai za ki je musu? Shekarar da suka ba ki kyamara kika dame mu da ɗauke-ɗauke fa, ina hotunan?"

A zagaye na uku, shekara takwas baya, ofis ya sa an ɗauki hoton kowane mai gida a ɗakinsa. Lutfa ta yi rabin yini a ɗakin ajiya tana atishawa kafin ta zaƙulo ambulan ɗin Bashtola. Ta kai wa shugabansu, Mozammel, ta baza su a teburinsa. Hoto arba'in da shida. A guda arba'in da ɗaya daga cikinsu mai gida yana zaune ɗas, hannu a gwiwa, fuska a murtuke irin ta ɗaukar hoto, furen bado mai karyayyen ganye yana leƙowa ta bayan kafaɗarsa. Mozammel ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Da ta gaya masa labarin gangaren, dariyar ta tsaya.

"Lutfa Apa, kin san abin da wannan ke nufi a kanki?"

"Na sani, Yallaɓai."

Ya ce hotunan sun isa shaida a kan zagaye na uku. Na yanzu za a sake shi, ita da wani ma'aikaci, ba tare da sanarwa ba. Na huɗu ne ba shi da shaida, sai in mutanen sun dangwala yatsa cewa kayan aro ne aka rubuta musu. Ita kuma sai ta rubuta laifinta da hannunta. "Koyar da sababbi kuwa," ya ce, "sai dai wani."

Rubuta nata bai yi mata wuya kamar yadda ta zata ba. Yatsun Bashtola ne aikin, don babu macen da za ta dangwala kafin Khala Jobeda.

Ran Juma'a da yamma matan suka taru a ƙarƙashin gorar da ke tsakiyar unguwa. Lutfa ta ajiye takarda da tawada a kan tabarma. Khala Jobeda ta zauna ta harɗe hannu, ta kafa wa sama ido. Babu wadda ta motsa. Sai Lutfa ta zaro wata takardar daga jaka ta karanta da ƙarfi: "Ni Lutfunnesa, na yi shekara goma sha shida ina rubuta abin da ban duba ba. Ban taɓa bin hanyar ruwan Bashtola ba sai makon nan." Ta naɗe takardar ta ce, "Khala, nawa na fara tonawa. An riga an karanta wannan a ofis, a gaban yaran da na koyar."

"Naki ne," in ji tsohuwa. "Ke kika jiyo."

Parul ta miƙe. Matar ɗa ba ta yin irin wannan magana a bainar jama'a, kuma kowa a wurin ya san haka.

"Inna, kin rufa mana asiri, babu mai musu. Amma ina da ciki, wata uku. Ba na son in sake binne wani saboda tulu."

Khala Jobeda ba ta san da cikin ba. Ta sauke hannuwanta, ta dubi Parul daga sama har ƙasa.

"Sai a gaban mutane za ki gaya mini, mara kunya? Zauna, wa ya ce ki tashi da sauri haka?" Ta juyo wajen Lutfa. "Miƙo tawadar. Amma da sharaɗi. Ki rubuta a nan cewa a Bashtola babu wanda ya taɓa bara, babu wanda ya taɓa ɗaukar abin wani."

"Khala, takardar ba ta da gurbin wannan."

"To ki yi masa gurbi. Ba ke ce mai biro ba?"

Lutfa ta rubuta a gefen takarda, ta karanta mata sau biyu. Tsohuwa ta danna babban yatsanta da ƙarfi har takarda ta kusa hujewa. Gida arba'in da huɗu suka bi bayanta. Saura ɗaya ya ƙi, kuma har yau matar gidan ba ta amsa gaisuwar Lutfa.

Da aka cire kujera da fanka da kifi, aka sa minti arba'in a gurbin "kusa", Bashtola ta faɗa ja a zagaye ukun duka, ba ma da ƙyar ba. Lutfa ta karɓi takardar gargaɗi, aka ba wani koyarwa, ta koma taka ƙasa da gwiwarta mai ciwo. Ta ji zafin abin, ba ta ɓoye ba, ta yi mako biyu ba ta son shiga ofis. Dokar zuwa ba sanarwa kuwa ba ta taɓa kwanta mata ba. Abin da take yi yanzu, takan aika tun ana gobe, ta je a karɓe ta da mutunci, sannan bayan kwana uku ta sake ɓullowa wai ta manta lemarta. Unguwanni goma sha ɗaya duk sun gane, sukan ajiye mata lemar a bakin ƙofa.

Famfon bai zo da wuri ba. Sai da aka yi wata goma sha huɗu. Kafin nan Parul ta haifi 'ya mace lafiya, don tun daga ranar taron Khala Jobeda ta raba wa matan unguwa ɗibar ruwanta, kowa da ranarta, kuma ba ta nemi shawarar kowa ba. Magudanar ruwa har yanzu babu, rufi yana nan yana yoyo, Bashtola tana nan cikin ja.

Ranar da aka sako ruwan, da hantsi, aka aika a kira Lutfa. Famfo uku aka kafa, ɗaya taku goma sha biyu daga ƙofar Khala Jobeda. Aka murɗa, sai iska ta fito tana huci, sannan wani jan ruwa mai laka ya biyo baya.

"Ai shayi suka aiko mana," in ji wata daga baya. "Saura madara."

Ana cikin dariya ruwan ya washe. Mata suka yi ta guɗa, Parul tana tsaye da jaririya a kafaɗa tana kallo kamar ba ta yarda ba. Lutfa ta ja gefe. Murna take yi, amma murnar a cakuɗe take, don ta san shekara nawa ya kamata a ce wannan rana ta zo.

Khala Jobeda ta ture kowa ta tara kofin ƙarfe har ya cika ya zuba. Ta kurɓa, ta yatsine fuska ta ce yana ɗanɗanon ƙarfe. Ta zubar, ta ɗauraye, ta sake cikawa, ta ratsa mata har inda Lutfa take.

"Karɓi."

"Khala, ba na jin ƙishirwa."

"Ban tambaye ki ba. Shekara arba'in ina cikin unguwar nan, ban taɓa miƙa wa baƙo ruwa ba sai zuciyata tana kan abin da zai rage a tulu. Sha ki shanye."

Lutfa ta kafa kai ta shanye. Tsohuwa ta fizge kofin, ta goge ido da bakin sarinta, ta koma famfo ta sake cikawa.